Shamuwar Ɗambatta da Zakin Tekun Galapagos

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a ƙarshen bazara zai ga ƙasar da babu taki guda da ba a nomawa. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. A irin wannan cunkoso namun daji ba su da wurin zama, sai wanda ya iya maƙwabtaka da mutum. Shamuwa ta iya.

Ina ɗaukar ta a matsayin 'yar gari mai zuwa ci-rani. Da rani tana can kudancin Afirka, dab da saukar damina ta dawo, shi ya sa manomi ke gyara garmarsa da zarar ya gan ta. Ba ta sheƙa ita kaɗai. Sai ka iske kuka ko tsamiya guda a tsakiyar ƙauye ɗauke da sheƙuna birjik, uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci da ciyar da 'ya'ya. Abincinta fara da tsutsa, wato maƙiyan gero da dawa.

Wannan zama ya kan tuna mini da zakin teku na tsibiran Galapagos, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Ikwado. Dabba ce mai shayarwa, kifi take ci, amma a tudu take haihuwa cikin taro. Ƙaton namiji ya kan kame yankin gaɓa yana kai-komo yana haushi, mazan da ba su samu wuri ba su ware gefe guda. Uwa ta tafi farauta ta bar ɗanta cikin sa'o'insa, in ta dawo ta gane shi da murya da ƙanshi. A tsibirin San Kiristobal har kan kujerun bakin ruwa suke barci, doka kuma ta hana baƙo matsowa kusa da su ƙasa da mita 2. Tun 1959 aka mai da mafi yawan tsibiran gandun da hukuma ke karewa.

Abin da doka ke yi a can, al'ada ce ta yi mana shi a nan: mun taso ana kwaɓar yaron da ya ɗaga danƙo ya auna shamuwa. Sai dai kwaɓar ba ta kai ga mai gatari ba. Dabbar da ke haihuwa cikin taro, ba sai an kashe ta ɗaya-ɗaya ba. A sare kuka guda domin itace ko filin gini, an tashi unguwa sukutum, kuma kukar da za ta maye gurbinta sai jikoki.

Shawarata ga dagatai da masu unguwanni ita ce su hana taɓa duk bishiyar da shamuwa ke sheƙa a kai. Ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo kuma su riƙa ƙirga sheƙunan kowace damina, domin mu san ko baƙuwar tamu na ƙaruwa ko raguwa.