Na Je Miriya Ɗaukar Hoton Tulu

Ranar kasuwa na tafi Miriya. Garin yana gabas da Damagaram, kamar kilometir 18 bisa hanyar Difa. Gari ne mai kukoki da garake, kuma matansa sun yi suna wajen ginin tukwane. Na tafi da kamarar aro. Mai ita ya ce gobe da safe zai karɓi abinsa. Ke nan yini ɗaya gare ni.

Gilashin gaban kamara shi ne idonta. Idon wannan tsoho ne, an rubuta 28 a jikinsa. Irinsa yana da faɗin gani: yana kwaso rumfa da mutane da jakuna gaba ɗaya, amma kome sai ya fito ƙarami. Kuma ba ya daidaita kansa. Akwai zobe a wuyansa, da hannu ake murzawa har abu ya fito tangaran.

Ni zanen jikin tulu nake so. Na tsaya nesa na ɗauka, tulun ya fito kamar ƙwai. Tsohuwa mai tulunan ta ce: "Ɗana, tsoron tulu kake ji? Matso mana!" Na ce: "Inna, kin yarda?" Ta ce in dai ban fasa mata ba.

Na durƙusa. Na murza zoben har ƙarshe, inda aka rubuta 0,3. Santimetir 30 ke nan. In ka wuce nan, hoto ya dushe. Awon kuwa daga cikin jikin kamara ake fara shi, ba daga bakin gilashi ba. Saboda haka gilashin ya matso tulun ƙwarai, sai inuwata ta rufe zanen. Dole na kewaya, rana ta koma gefena.

Nan aikin ya yi wuya. A kusa haka, ɗan wuri kaɗan ne yake fitowa sarai. Cikin tulu ya fito, wuyansa ya dushe. Akwai zobe na biyu mai tsuke ƙofar haske. Na kai shi lamba 11, sai wurin da yake fitowa ya ƙaru. Na bar murza zobe, na riƙa kai jikina gaba da baya a hankali, na riƙe numfashi, na danna. Yara suna ta dariya, wai baƙo yana gaida tulu.

Na ɗauki 9, guda 2 suka yi kyau. A cikinsu tulun ya yi ƙato, ya fi yadda yake. Bayansa ga Inna zaune, ga kuka can nesa. Bakin tulun ya ɗan karkace a hoto, laifin idon ne, ba na magina ba. Na nuna mata. Ta duba ta ce hannunta bai taɓa yin karkataccen baki ba. Na saya, na ɗauro shi bayan babur, ya iso gida lafiya.