Ranar da Baba Ya Cika Sittin a Takarda

A gidanmu ba a san bikin zagayowar ranar haihuwa ba. Ranar bakwai ake yanka rago a raɗa wa jariri suna, shi ke nan, daga nan shekaru su yi ta tafiya babu mai ƙirga su sai in za a cike fom. Ƙanwata ce ta kawo maganar a zauren WhatsApp na 'yan gida, bayan ta ga ƙawayenta suna ɗora hotunan iyayensu da kek. Ta ce Baba zai cika shekara 60 ranar 1 ga Janairun 2025, ya kamata mu haɗa masa wani abu. Ranar ta faɗo Laraba, ni kuma ina Samaru, karatu ya sha mini kai a Jami'ar Ahmadu Bello, sai muka tsayar da Asabar mai bi mata.

Na shiga motar Funtuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kada dare ya riske mu a hanya. Muka wuce Shika, muka wuce Giwa, hazo ya rufe gonaki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa ɗalibai da yawa sun rage zuwa gida, har da ni.

Na tarar da Baba a zaure yana sauraren rediyo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, lafiya kuwa, tsakiyar zango?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce lafiya lau, gida nake marmari. Ya ɗan dube ni, ya ce in shiga Ummanmu ta gan ni.

Washegari da la'asar muka fito da kek ɗin a kan faranti, muka ajiye a kan tabarma gabansa. Ƙanwata ta yi bayani tana ta murmushi. Baba bai yi faɗa ba, ko da yake mun yi zaton zai kawo maganar bidi'a, tunda malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Ya ce a cire kyandir, a yanka a raba wa yaran maƙwabta, gobe kuma a soya ƙosai a kai wa almajiran tsangayar bayan gidanmu sadaka. Ya ɗauki ɗan ƙaramin yanki ya ci don kada ranmu ya ɓaci. Sannan ya tambaye mu: "To wa ya ce muku a ranar aka haife ni?"

Muka ce ai haka yake a katinsa na ɗan ƙasa.

Ya ce ranar da aka kai shi firamare, cewa aka yi ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. Da ya taɓo, aka ce ya isa shiga aji ɗaya. Hedimasta ya ƙiyasta shekara ya rubuta, daga baya da aka nemi takardar shaidar shekaru ya je kotu ya yi rantsuwa, aka cike gurbin rana da wata da 1 ga Janairu, kamar yadda aka yi wa dubban sa'o'insa. Abin da kawai marigayiya kakarmu ta riƙe shi ne, yana tatata aka yi juyin mulkin da aka kashe Sardauna, cikin azumi. Wato 15 ga Janairun 1966. Lissafin hedimasta bai yi nisa da gaskiya ba ke nan, amma takamaimiyar ranar ta bi kakarmu kabari.

Umma ce ta faɗi sauran, muna wanke kwanuka bayan magariba. Ta rage murya ta ce, "Ke ba ki san Larabar nan ya ajiye aiki ba?"

Jikina ya yi sanyi. Dokar aikin gwamnati ce: shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa. An ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 a dokar da aka sa wa hannu a 2022, amma malamin gona ba ya ciki, Baba kuwa malamin gona ne. Tun watannin baya ya miƙa takardunsa. Albashin Disamba shi ne na ƙarshe. Fansho da garatuti sai an bi layi, kowa kuma ya san layin ba gajere ba ne. Ranar da muka saya wa kek ita ce ranar da hanyar cin abincin gidanmu ta sauya, kuma ya hana a gaya mini saboda jarrabawa na tafe.

Umma ta ɗauki tocila ta ce in biyo ta. Ta buɗe ɗakin ajiya. Buhunan masara ne a jere kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, warin maganin ƙwari ya cika ɗakin. An ware wasu a kusurwa ɗaya, a jikin kowanne an rubuta "Uwata" da gawayi, da irin rubutun Baba mai karkata dama. Ta ce waɗannan ko tuwo ya yanke ba a taɓa su. Kuɗin rajistata ne na baɗi da kuɗin ɗaki. Zai riƙe su har damina ta kusa, lokacin da hatsi ke yin daraja, sannan ya fitar. Tun kafin a yi girbi ya gama wannan lissafin.

Na daɗe a tsaye ina kallon rubutun gawayin nan. Kuɗin da ke shigo mini ta waya lamba ce kawai nake gani, in cire in sayi abinci da takardu. A daren na ga siffarsu ta asali: gona ce da aka share tun bazara, da taki da aka saya da tsada, da bayan mutum mai shekara sittin da ya sunkuya yana noma.

Bayan isha'i na ɗauki tabarma na koma zaure wurinsa. A al'adarmu 'ya ba ta zama ta yi ta yi wa uba tambayoyi, akwai kunya a tsakani, kuma kunyar tana da kyau a inda take da kyau. Amma a daren na daure na ce, "Baba, yaya aka yi kuka zama malamin gona?"

Kamar jira yake. Ya ce yana yaro aka kawo aikin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da na Gombe. Ya ga mutane a kan babura suna shiga ƙauyuka da taki da iri, manoma na tashi tsaye su tarbe su, tun daga lokacin ya sa wa ransa. Ya ba ni labarin sule da sisi da taro, da yadda naira ta zo a 1973 tsofaffi suka yi ta rikicewa a kasuwa. Ya ce bai taɓa yin ƙaura ba, amma ya zauna a jihohi uku bayan lardin da aka haife shi a ciki: ta Arewa ta Tsakiya, sannan Kaduna a 1976, sannan Katsina a 1987. Ya yi maganar auduga da irin muryar da ake maganar ɗan'uwa da ya yi nisa, yadda a da motoci ke layi da ita lokacin kaka, da yadda manoma suka koma masara da waken suya da ta daina biyan wahala.

Sai ya tambaye ni ko na taɓa shiga Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru. Na ce ina wucewa dai ta ƙofarta. Ya ce irin da ya yi shekaru yana kai wa manoma, SAMMAZ na masara da SAMCOT na auduga, daga can suke fitowa, kuma ya taɓa zuwa kwas a wurin tun ba a haife ni ba. Ya ce a lokacin ya riƙa kallon ɗaliban jami'a suna wucewa da littattafai, ya roƙi Allah ya ba shi ɗa ko 'ya da za ta zauna a cikinsu. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Umma.

Da na kawo maganar kuɗin makaranta, na ce zan nemi koyar da yara darasi da yamma in rage masa nauyi, sai ya ɗaga hannu. "Ki yi abin da ya kai ki. Wanda ya raya ni sittin bai manta da ni ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 63 ya yi. Duk abin da na samu daga nan kyauta ce." Ya faɗa ba tare da wata damuwa a fuskarsa ba. Ni ce na kasa haɗa ido da shi.

Har yanzu ba na cikin masu cewa lallai sai an yi wa iyaye kek, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi. Abin da na riƙe shi ne, a yawancin gidajenmu zance kullum a kan yara yake: wa ya ci jarrabawa, wa ke ciwo, wa za a aurar. Uba na gefe yana biya, uwa na gefe tana dafawa, babu ranar da ake juyowa a tambaye su su waye kafin mu zo duniya. Mu kuma ɗalibai in mun zo gida, rabin hankalinmu na kan garin kwaki da yaji da man gyaɗar da za mu koma da su. Wannan baƙuwar al'ada, duk da ranar ma ta ƙiyasi ce, ita ta sa muka zaunar da Baba a tsakiyar tabarma, har na ji abin da da wuya in ji ta waya.

Ranar Lahadi da hantsi aka kai ƙosan tsangaya, almajirai suka yi masa addu'a. Ya ɗauke ni a babur ya kai ni tasha da kansa, ya tsaya har mota ta cika, ya ja wa direba kunne kada ya yi gudu. Na ce masa zan dawo hutun ƙaramar Sallah da littafi da biro, saura labarin Umma. Ita ma 1 ga Janairu ne a katinta, amma ta ce yayar mahaifiyarta da ke Bakori tana nan da ranta, kuma ita ta karɓi haihuwarta.