Igiya, Janwe ko Amalanke: Jan Mota a Hanyar Shinkafi

A Amurka akwai masu gida a kan taya, wato doguwar mota mai ɗakin kwana da kicin, waɗanda kan ja ƙaramar motarsu a baya idan za su yi doguwar tafiya. Don haka aka ƙera musu wani amalanke mai taya biyu: a hau da tayoyin gaban ƙaramar motar a kansa, a ɗaure, na baya su ci gaba da birgima a kan kwalta. Kamfanin U-Haul ma yana bayar da hayarsa. A can kayan shaƙatawa ne. A hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi kuwa, inda matafiyi ke auna tafiyarsa da tsayin rana saboda 'yan bindiga, yadda za a ja mota tambaya ce da ta shafi rai da dukiya.

Wani ma'aikacin lafiya ɗan asalin Katuru ya san haka. Corolla ce gare shi, mai giya atomatik, kuma ta mace masa da la'asar sakaliya a tsakanin ƙauyuka. Wani direban Golf ya tsaya, kamar yadda aka saba a wannan hanya, ya buɗe but ya fito da igiya.

"Yallaɓai, a ɗaura mu wuce, nan ba wurin tsayuwa ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai igiyar da ta saba ceton Golf tana iya kashe Corolla, kuma dalilin yana cikin giyabos. Golf ɗin haya mai kuloci ce. A sa ta a firi, ta bi igiya ba gardama. Giya atomatik kuwa tana rayuwa ne da man da wani famfo ke zagayawa da shi, famfon kuma inji ne ke juya shi. Inji a mace, tayoyin gaba na juyawa, ƙarafan ciki na gugar juna babu mai mai zagayawa, har su ƙone. Shi ya sa littafin motocin Volkswagen ya iyakance jan mai atomatik: kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, kada nisa ya wuce kilomita 50. Daga Katuru zuwa garejojin Gusau ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ga kuma abin da kan ba sabon shiga mamaki: da inji ya mutu, birki kan yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, idan kuma aka zare makulli ya kulle gaba ɗaya. Motar gaba ta ci birki a bakin rami, ta baya ta shige mata.

Mutumin ya yarda aka ja shi a hankali zuwa gari mafi kusa, ya bar motar a ƙofar gidan wani ɗan uwa, washegari ya nemo janwe. Kuɗin janwen ya yi masa zafi, amma bai kai na sabon giyabos ba. Shi dai ya taki sa'a akwai layin waya. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, wanda mota ta mace wa ba shi da yadda zai kira kowa.

A nan ne amalanken Amurkawa yake da abin faɗa. Corolla da Camry da Golf duk da tayoyin gaba suke ja. Idan aka ɗage waɗannan daga ƙasa, giyabos ya huta, nisa kuma ya daina zama matsala. Hilux daban ce, domin ƙarfinta na baya ne ko na duka huɗu. Sai an kwance farfela, ko a ɗora ta ɗungurum a kan babbar mota.

Masu walda na Ƙaura ba za su gaza haɗa irinsa daga gatarin tsohuwar mota ba, amma mai saye ya buɗe ido. Ya duba faɗin gadon, ko tayoyin motarsa za su zauna ba tare da gefen jikinta ya gogi ƙarfe a kwana ba. Ya tambayi nauyin da zai ɗauka, ya kuma tabbata motar da za ta ja ta fi wadda ake ja nauyi sosai. Golf cike da fasinjojin kasuwar Shinkafi ba ta dace da wannan aiki ba. Ƙugiyar ja a jikin shasi ake kafa ta, ba a bamba ba. Sarƙa biyu na ko-ta-kwana wajibi ne, haka fitilun baya. Maɗaurin tayoyi kan saki bayan 'yan kilomitoci a hanya mai ramuka, dole a tsaya a ƙara tamkewa.

Babban aibinsa shi ne ba ya yin ribas; da an gwada sai ya karkace ya naɗe. A filin shaƙatawa na Amurka wannan ɓacin rai ne na minti goma. A hanyar da direba kan hangi abin da bai yarda da shi ba ya juya nan take, aibi ne da ya isa a yi dogon tunani, kuma shi ne abin da ya hana ma'aikacin lafiyar ba mai walda kafin alƙalami. Ƙarfen ja mai tsayin mita biyu ya sa aka yi masa, yana ajiye a but tare da jak. Ba ya kare giyabos, amma yana hana karo idan birki ya yi tauri, ya kai motar gari mafi kusa kafin magariba.