Sayen Gida a Potiskum: Abin da Dattawa Ke Dubawa Kafin Su Taya

Sayen gida a Potiskum ciniki ne da yawancin magidanta ke yi sau ɗaya a rayuwa, shi ya sa masu shekaru ba sa yi masa garaje. Garin ya cika ya batse. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000, kuma har yau ana ta shigowa: fataken da kasuwar shanu da ta hatsi ke jawowa, direbobin tirela da makanikai, ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da ƙauyukansu, da yawansu ba su koma ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, Damaturu ce ta samu gidan gwamnati, amma kasuwa ta yi zamanta a Potiskum, kuma kasuwa ce ke sa ƙasa tsada.

Dattawan da suka ga ciniki iri-iri sukan raba aibin gida kashi biyu: wanda kuɗi ke gyarawa da wanda ba ya gyaruwa. Fenti da ƙofa da silin duk na farko ne. Wuri, ruwa, maƙwabta da asalin mallaka su ne na biyun. Saurayi da kuɗi a hannu yakan fara da tayil da falo, dattijo kuwa sai ya gama da na biyun kafin ya ɗaga ido ya kalli fenti.

Ta hannun dillali ake fara nema, kuma ba laifi, domin shi ya san wanda bashi ya matsa wa da gidan da magada ke son rabawa. Sai dai la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka a bakinsa kowane gida mai albarka ne. Akan ji ta bakinsa da rana, da magariba kuma a koma unguwar ba tare da shi ba, a yi salla a masallacinsu, a zauna a majalisa, a gaisa da mai shayi. A nan ake jin abin da ya sa mai gidan zai sayar, da halin wanda za a haɗa bango da shi.

Tsofaffin unguwanni irin su Bolewa da Dogo Tebo suna da jama'a da kusanci da tsakiyar gari, amma fili ya ƙure, kuma akwai lungun da mota ba ta shiga. A gefen gari, misali ta wajen Mamudo a hanyar Damaturu, fuloti ya fi yalwa da sauƙin kuɗi, sai dai kullum mutum na biyan Keke Napep zuwa kasuwa da makarantar yara. Gidan bakin babban titi yana da daraja domin ana iya fitar da shaguna a gabansa, amma mai shi zai kwana da ƙarar tirela ya tashi da ƙura. Gidan da ke kusa da kasuwar shanu kuwa, ranar Laraba da kasuwar ke ci ake zuwa ganinsa.

Ba a sanin gida sai da damina. Da rani kowace unguwa tudu ce, sai watan Agusta ya kama ake gane kwari. Wanda bai iya jiran damina ba sai ya karanta bango: layin da ruwa ya bari daga ƙasa zuwa ƙwauri, farin gishiri a gindin katanga, dakalin siminti da aka gina a bakin ƙofa don tare ruwa. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa abin tambaya ne. Haka gidan da titi ya fi shi tudu, da wanda aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, domin ruwa ba ya manta hanyarsa. A duba inda magudanar gidan ke zubarwa, kada ya zamana a ƙofar maƙwabci ne, domin rigimar kwata ta raba zumunci da yawa. Sannan a tambayi ruwan sha, ko akwai rijiya ko burtsatse a kusa, da nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a watan Afrilu. Ta fannin wuta, a nemi takardar biya ta ƙarshe, kada a gaji bashin kamfanin rarraba wuta na Yola.

Duba ginin kansa aikin magini ne, a tafi da wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Zai karci bulo da ƙusa ya ga ko yashi ya rinjayi siminti, ya bi tsagar bango ya bambance ta filasta da wadda ta taso daga tushe, ya leƙa cikin silin ya ga abin da gara ta bari na katako. Gidajen da aka gina don sayarwa su suka fi buƙatar wannan bincike, musamman tun da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, wasu masu gini suka koma ƙwauron siminti suna rufewa da fenti. Tsohon ginin ƙasa mai kauri kuwa bai kamata a raina shi ba. Ya fi ɗakin bulo mai gajeren rufin kwano sanyi da bazara.

Yanzu ana yayin gidaje a jere, iri ɗaya, bango ɗaya tsakanin kowane biyu. Suna da kyan gani da sauƙin kuɗi, kuma sun dace da ango da amarya. Amma iyali ƙaruwa suke yi. Gidan da ba shi da zaure, baƙo namiji sai ya ratsa ta gaban matan gida. Wanda ba shi da tsakar gida, ina za a yi shanya, ina za a ɗaure ragon layya, ina za a ƙara ɗaki idan samari sun tasa ko tsohuwa ta dawo hannun ɗanta? A tambaya tun wuri ko ramin shadda na haɗin gwiwa ne, da wanda ke biyan kuɗin kwashe shi, a kuma ɗaga kai a ga ko tagar benen maƙwabci na kallon cikin gida.

Takarda ce ta fi cin mutane. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu a birni haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi na buƙatar amincewar gwamna. Gidaje da yawa ba su da satifiket ɗin wannan haƙƙi, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko bulama da shaidu. Irin wannan takarda tana da amfaninta, amma sai an bi salsalarta hannu bayan hannu har zuwa wanda ya fara yanka filin. Idan akwai satifiket, a kai lambarsa hukumar YOGIS mai kula da bayanan filaye a jihar, a tabbatar da sunan da ke kai, da cewa ba a jinginar da gidan a banki ba. Wurin da aka yanka da awon igiya, a bincika ko bai hau hanya ko filin makaranta ba.

Gidan gado shi ne mafi haɗari, kuma sau da yawa shi ne mafi araha. Babban wa yakan sayar alhali ƙanwarsa na aure a Gombe ko Azare ba ta sani ba, ko akwai marayu da ba su balaga ba, sai bayan shekaru su tasa su shigar da ƙara. Masu hankali ba sa biya sai sun ga takardar rabon gado daga kotun Shari'a, ko kowane magaji ya sa hannu, mace da namiji. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: idan abokin tarayyarsa ya sayar wa bare kasonsa, yana iya mayar wa baren kuɗinsa ya karɓe.

Sai an gama wannan duka ake tayawa. Mai gida ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama. Ana ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru idan wani ya fasa. La'ada a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance ta nan, ko da yake da yawa na gudunsa saboda kuɗin ruwa, sun gwammace su sayar da shanu ko hatsi su biya lakadan. Cikon kuɗi ta banki ya fi, domin yana barin shaida. Idan da 'yan haya a gidan, mai sayarwa ne zai sallame su, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗin har ranar da ya miƙa makullai da takardun asali gaba ɗaya.