Tsohuwar Fuskar Imel da Abin da Ta Koya Mini a Hotoro

Ina da shagon kwamfuta a Hotoro, kusa da Tsamiyar Boka, inda muke buga takardu da buɗe wa mutane imel. A da, na daɗe ina ɗora wa burauza wani ɗan gajeren rubutun umarni da ke juya akwatin saƙo daga sabuwar fuska zuwa tsohuwa. Ga abin da hakan ya koya mini.

1. Da tsohuwar zuma ake magani. Gmail ya taɓa samun wata fuska mara kwalliya, rubutu zalla, da ake shiga ta adireshi mai ƙarewa da /h/. Ranar da sabis ya yi rauni, sabuwar takan tsaya tana ta lodi, tsohuwar kuwa nan take ta buɗe. Ɗalibi mai jiran saƙon JAMB, ko wakilin direbobin tanka daga defon mai da ya zo cire rasit, ba ruwansu da ado. So suke su ga saƙonsu, ni kuma janareta na shan mai. Rubutun da na sa a Tampermonkey, manhajar da ke gudanar da irin waɗannan rubuce-rubuce a burauza, 'yan layuka ne: ya duba adireshin shafi, in na sabuwa ne ya karkatar da shi zuwa tsohuwa.

2. Kayan aro ba ya rufe katara. Na sha'afa cewa fuskar ba tawa ba ce, alhali alamu sun daɗe da bayyana. Yahoo ya rufe tsohuwar tasa a 2013, shekarar da Hotmail ya gama komawa Outlook.com. Gmail ya sake fasali a Afrilun 2018, ya bar damar komawa baya na 'yan watanni kawai. A farkon 2024 aka janye mara kwalliyar ma. Rubutun umarni a cikin burauzarka yake aiki, ba zai dawo da shafin da aka cire daga can tushe ba.

3. Karanta kafin ka ɗora. Tun fitowar Greasemonkey, wata manhaja irin Tampermonkey, a burauzar Firefox a 2005 ake raba irin waɗannan rubuce-rubuce kyauta. Amma duk wanda ke aiki a shafin imel yana iya karanta abin da ke ciki. Imel ɗin mutane amana ce a hannuna, don haka wanda ban gane layukansa ba, ba ya hawa kwamfutata.

4. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wannan ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani dattijo ɗan fansho da kullum yake cewa, "Ɗana, mayar mini da irin ta da." Nakan mayar masa cikin jin daɗi, ashe jinkirta masa koyo nake yi. Da tsohuwar ta tafi, ya zauna riƙe da tabarau a hannu, ya rasa inda ake rubuta saƙo. Na ja kujera kusa da shi na ce, "Baba, ga hoton alƙalami nan a hagu, shi za ku danna." Bai bar shagon ba sai da ya aika wa 'yarsa saƙo da kansa.

Mai kwamfutar kansa da ke son fuskar da ba ta yawan sauyawa ya ɗora manhajar imel ta Thunderbird ya haɗa ta da akwatinsa. Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna, daga Hotoro har titin Maiduguri, don Allah ku riƙa jawo dattawan nan gaban allo kuna nuna musu da hannu.