SUJADAR GWAGGO

Tun da na sako Ladi a cikin labarin da muke bi, wasu suke ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: wai me ya sa na nuna Kirista tana tashi da asuba tana addu'a, ashe su ma suna da wata ibada ban da kiɗa da rawar ranar Lahadi? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi tana jiran babin da Ladi za ta musulunta, domin haka aka saba gani a littattafanmu. To, ni Musulma ce, ba kuma wa'azin wani addini na zo yi ba. Amma rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani.

Kakannina na wajen uba Maguzawa ne a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi ya taho Kano, yayarsa kuwa ta bi masu bishara. Ita ce Gwaggo, a wurinta nake yin hutun makaranta. Kuma ba ita kaɗai ce Bahaushiya Kirista ba. Duk wanda ya je Wusasa zai ga majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929, ginin Hausa sak, kuma tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya yi fice a cikinsa. Saboda haka kalmomin bakinsu namu ne: addu'a, azumi, tuba, wa'azi, zakka.

Kalmar da ta fi ɗaure mini kai ina yarinya ita ce sujada. A wurinmu sujada ita ce ɗora goshi a ƙasa cikin salla. Su kuwa taron Lahadin gaba ɗaya suke kira sujada. Da hantsi za a buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiya, shi ne ƙararrawa. Maza su zauna gefe, mata gefe, kowace da ɗankwalinta. A buɗe da addu'a, a rera waƙoƙi daga littafi, 'yan Zumuntar Mata su tashi da tulunansu suna bugawa, a karanta Littafi, fasto ya yi wa'azi, a ba da baiko, a sa albarka a watse. Ni dai ta taga nake leƙe, domin Gwaggo ba ta taɓa cewa in shiga ba. Ita ce ma take tashina sallar asuba, tana cewa amanar ƙanenta ce ni.

Wata rana na tambaye ta, "Gwaggo, ina sujadar take, alhali ban ga kowa ya kai goshinsa ƙasa ba?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, zuciya ce ake so ta fara durƙusawa. Abin da kika gani ran Lahadi cefane ne kawai, girkin kuwa daga Litinin ake fara shi."

Sai da na girma na fahimci maganar. A koyarwarsu, kamar yadda ta yi mini bayani, manzo Bulus ya umarci masu bi su miƙa jikinsu da rayuwarsu kacokan ga Allah kamar hadaya, wato noma da ciniki da zaman aure duk su zama bauta. Akwai kuma wurin da aka ce musu addini na gari shi ne kula da marayu da gwauraye. Don haka idan Gwaggo ta auna wa mai saye dawa, sai ta cika tiya har tana zuba, ta ce mudun ƙarya yana ɓata waƙar Lahadi. In wata ta haihu ko ta kwanta ciwo, 'yan Zumunta su ne masu ɗebo ruwa da daka, ba sa tambayar addinin mai gidan. Da kaka kuma kowa ya ɗauko damin dawa ko gero, wani kaza, a kai majami'a don godiya, ban da zakkarsu ta ɗaya bisa goma. Shekarar da iska ta yaye rufin majami'ar, a gindin tsamiya suka yi ta taruwa har damina ta wuce. Gwaggo ta ce ai Yesu ya gaya wa wata mata a bakin rijiya cewa ba wuri Allah yake dubawa ba, gaskiyar mai sujadar yake nema.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Bayan rasuwar kakanmu, rigima ta tashi tsakanin Gwaggo da mahaifina a kan wata gonar fadama. Maganganu marasa daɗi suka shiga tsakani, 'yan zuga suka sako addini a ciki, har aka shekara biyu ko gaisuwa babu. Ni ma aka hana ni zuwa hutu.

Wata Asabar da la'asar sai ga sallamar Gwaggo a gidanmu, ƙafafunta butu-butu da ƙura, ga ƙullin daddawa a hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kira mata maigidan. Yana shigowa, ita da take gaba da shi, ta durƙusa.

"Subhanallahi! Yaya, tashi mana, me ya yi zafi haka?"

"Ba zan tashi ba, Malam, sai ka yafe mini. Gobe muna da Jibin Ubangiji. Wata da watanni ke nan ana miƙo mini ina kau da kai, don na san abin da ke cikin zuciyata game da kai. Gona dai ƙasa ce, cikinta za mu koma."

Jibin Ubangiji shi ne ɗan gurasa da abin sha da suke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu bisa ga imaninsu, kuma babu abin da ya kai shi girma a sujadarsu. An koya musu cewa wanda ya kawo baiko ya tuna akwai ɗan uwan da ke riƙe da shi, to ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Wannan ne ya taso tsohuwa daga ƙauye a bayan motar kaya.

Mahaifina ya yi shiru, sai ga hawaye. Ya ce, "Yaya, ni ya kamata in zo. Mu ma an hana mu ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, ga shi kin riga ni samun ladan." A daren suka raba gonar da baki, ba alƙali ba mai unguwa. Da sassafe ya raka ta tasha don ta sami sujada.

Jama'a, ban ce bambanci babu ba. Yana nan, kuma babba ne, domin abin da suka ɗauki Annabi Isa (AS) ba shi muka ɗauke shi ba, kuma Gwaggo da mahaifina har suka bar duniya kowa na kan nasa. Abin da nake cewa shi ne, mu marubuta akwai nauyi a kanmu. Yarinyar da ba ta taɓa zama da Kirista ba, a littafinmu za ta fara saninsa. In kullum mashayi muka nuna mata, ko wanda ba ya zama mutum sai a babin ƙarshe, kada mu yi mamaki ranar da rikici ya tashi ta kasa ganin maƙwabcinta a matsayin maƙwabci. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2000 da Kano a 2004, ba sai an ba mu labari ba.

Don haka masu jiran Ladi ta sauya, ku yi haƙuri, a yadda take za ta kai ƙarshen labarin. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai mun haɗu a babi na gaba.

Taku har kullum.