'Yar Reno Da Sha'anin Kanta

Ran nan muka tashi daga Bodinga za mu Shagari. A bakin hanyar mota muka tarar da wata yarinya, shekarunta ba su wuce 12 ba, tana goye da jariri, tana cinikin ɗan kunne. Rana ta take, kan yaron ya langaɓe, leɓensa ya bushe.

Muka ce, "Yarinya, ina uwar yaron nan?"

Ta ce, "Malam, reno nake yi. Tun asuba yana bayana, sai dare nake sauke shi. In ban fito da shi ba, yaushe zan sayi abina?"

Da fari mun yi niyyar yi mata faɗa, amma maganarta ta daure mana baki. Laifi dai ta yi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, jariri kuwa ruwan jikinsa ya fi na babba saurin ƙarewa. Taura biyu ba ta taunuwa: idon da ke kan ciniki ba ya kan goyo.

Amma uwar ɗakin da ba ta ba ta ko sa'a guda tata ba, ita ta tura ta. Balle ma tun 2004 dokar Nijeriya ta wajabta wa irinta zuwa makaranta.

To, 'yan makaranta, yaron reno amana ne, mai renon ma amana ce. Ku gaya wa iyayenku su yanka mata lokacin kanta. In an ba ku ƙani, ku ma ku ajiye sha'aninku sai kun mai da shi. Allah ya sa mu gane, amin.